Akwatin da ke Aika Rana Tsallaken Titi

"Wai me ya sami Manaja ne? Mutum yana cikin shago amma da baƙin tabarau, kamar direban babbar mota."

"Ciwon ido ne, ina ji."

"Wane irin ciwon ido ne ba ya tashi sai da yamma? Da safe na shiga wurinsa, ido garau."

"To rana ce ta dame shi."

"Wace rana kuma? Ai da azahar ta wuce inuwa ke rufe shagonsa."

"Kai baƙo ne a layin nan, ko? Ranar da yayarsa ke aika masa nake nufi. Waiwaya ka dubi bayanka."

Wadda suke zancenta tana jin su sarai, don bencin da suke zaune a kai yana jingine da ƙofar shagon telan da take aiki a ciki. Ba ta ɗago kai ba. Ta dai sa ɗan yatsa ta tura akwatin kwamfutarta kaɗan, kamar mai gyara zaman kofi a faranti. A tsallaken titi, wani farin haske mai faɗin tire ya zame daga kan tebur ya hau fuskar ƙanenta. Ya kau da kai da sauri. Ita kuwa ta gyara zaman mayafinta.

Tafireta ake ce mata a layin, tun zamanin da take zama a ƙarƙashin baranda da tebur mai ƙafa ɗaya gajera, tana buga wa mutane takardun neman aiki da na haya da na koke. In ta kama bugu, sai ka rantse ruwan sama ne ya sauka a kan kwano. Ba ta duban yatsunta, ba ta duban takarda, fuskar mai magana take kallo, har ta gyara masa zance tun bai gama fitar da shi ba. Da kwamfuta ta shigo, sauran masu tebur a barandar suka naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ƙi. Ta koyi abin a tsaye, ta sayi tsohuwar kwamfuta mai akwatin ƙarfe ruwan madara, mai nauyin buhun siminti, ta kama ɗan shago a layin. Sunan dai ya bi ta.

Ita ce babba a ɗakinsu, shi ne auta. Mahaifiyarsu ta haife shi tana fama da jiki, saboda haka goyon Yaya ya fi sani. Ita ta yaye shi, ita ta riƙa wanke masa fitsarin kwance a ɓoye kada 'yan uwa su yi masa waƙa, kuma yatsun nan nata su suka kai shi makaranta har ya fito da takardar da ita ba ta da irinta. Da ya dawo ya ce zai shigo shagon su haɓaka shi, farin ciki ya hana ta cin abinci ranar.

Ya kuwa haɓaka shi, wannan ba ta taɓa musu ba. Ya kawo injin fotokwafi, ya fasa bangon gaba ya sa gilashi tun daga ƙasa har sama, ya sayi kujera mai juyi ya dasa ta daidai tsakiyar gilashin, yadda duk mai wucewa zai gan shi zaune da biro a aljihu. Wata rana ya ja ta gefe ya ce, "Yaya, a gaban kwastoma a daina ce min Auta. Manaja za a riƙa cewa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "To, ranka ya daɗe, Manaja."

Abin da ba ta lura da shi da wuri ba shi ne, da Auta ya fita daga bakinta, Yaya ma ta fita daga nasa. Sai "a miƙa wa taifis," sai "ke, an gama na mutumin nan?" Teburinta ya yi ta ja da baya har ya kai kusurwar da kwano ke yoyo. Ruwa ya riƙa ɗiga kusa da akwatin kwamfutar, gindinsa ya yi tsatsa, in ƙasa ta jiƙe wuta ta riƙa jan ta a idon sawu. Ta faɗa masa, ya ce za a duba. Ta sayi silifas na roba mai kauri, ta ɗinka wa akwatin riga da ragowar atamfa, ta haɗiye sauran.

Ranar da abin ya faru, shagon cike yake. Auta ya ɗauki wata yarinya sabuwa mai kwamfutar hannu, ya kuma tsayar da mai sayen tsohon ƙarfe da ke wucewa da amalankensa. Yaya tana tsakiyar buga wa wani dattijo takarda sai allon kwamfutar ya mutu a gabanta. Auta ne ya zare waya. Ya yaye rigar atamfar, ya jawo akwatin tsakar shago, garin tsatsa na zuba a kan tayil. Mai tsohon ƙarfe ya ɗaga shi da nishi, ya jijjiga, ya ce, "Oga, akwai saura?"

Auta ya turo baki ya nuna ta da shi. "Ga mai shi nan, in amalankenka zai ɗauka. Tsatsarsu ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Mai tsohon ƙarfe har da buga ƙafa. Dattijon da take yi wa aiki ma ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Yaya ta dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yadda take duban mai kawo mata aiki. Sannan ta sunkuya ta zare kibod ɗinta, wanda haruffansa suka goge tuntuni saboda bugu, ta naɗe shi a mayafi kamar jariri, ta fita. Ko hawaye ɗaya bai zubo ba. Ciki ya koma, ya sami wuri ya zauna.

Maigidanta, tsohon direba ne da ciwon baya ya ajiye a gida, ya saurari labarin ya girgiza kai. "Ki bar wa Allah, uwar yara. Yaro ne."

"Yaro da furfura a gemu? Na bar wa Allah. Amma zan nemi wuri kusa in zauna, in ga yadda zai yi da shi."

Wurin ya samu a tsallaken titi, ido da ido da gilashin Auta. Telan da ke wurin ta daɗe tana buga masa rasit, shi ya ce ta zo ta duba kusurwar da ke bakin ƙofarsa. "Sai dai fa, Yaya, gaskiya ɗaya ce. Babu mai iya zama a nan da yamma. Rana ke shigowa kai tsaye, ko kaza kika ajiye sai ta gasu. Mai gyaran agogo ya gwada, ya gudu."

Ta zauna a kan kujerar don ta ji zafin da kanta. Tela ya ɗauki almakashi zai yanka yadi, rana ta bugi ƙarfen, sai ga wani ɗan haske ya yi tsalle ya faɗa kan gilashin tsallake. Auta, a kan kujerarsa mai juyi, ya ƙifta ido ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

"Tela, ara min almakashin nan."

Ta juya shi a hankali. Hasken ya yi rawa a bango, ya sauko, ya taɓa goshin Auta. Ya sake kaɗa hannu. Yaya ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar amalanke.

"Kada ka ba kowa kusurwar nan," ta ce. "Ita nake so, da ranarta da komai."

Washegari ta shiga kasuwar kayan lantarki, wurin wani mai haɗa kwamfuta da kowa ke kira Injiniya. Shagonsa siriri ne kamar lungu, kwalaye har rufi, shi kuma yana zaune a tsakiya da ƙaramin sukundireba a bayan kunne.

"Mama, da kayan ciki ake farawa," ya ce. "Ki faɗa min irin aikin, in zaɓa miki abin da zai ɗauka. Akwati ai riga ce kawai."

"Kayan ciki ka sa duk wanda zai buga takarda ya tura wa firinta, ba fim zan haɗa ba. Rigar nake so mu yi magana a kai."

Ya sauko mata da wani baƙi mai gefen gilashi, ya jona shi, fitilu ja da kore suka kama zagaye a ciki.

"Wannan na samari ne. Ni ba gidan rawa zan buɗe ba. Fari nake so, kalar azurfa."

Ya kawo wani mai kalar azurfa. Ta kama shi za ta ɗaga, wuyan hannunta ya amsa. Injiniya ya yi murmushi, ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya manna a jikinsa, ya kama ƙam. "Ƙarfe ne aka fesa wa fenti. Yana da ƙarfi, yana da sauƙin kuɗi."

"Yana tsatsa?"

"In ya sha ruwa."

"Mayar da shi. Ni da tsatsa mun rabu. Kuma ina son wanda zan juya da yatsa ɗaya."

"To alminiyam kike nema. Amma Mama, ki riƙe jakarki da kyau." Ya buɗe wani kwali da ladabi, ya zaro akwati mai kauri, mai santsi, gefunansa a lanƙwashe kamar sabulu. Maganaɗisu ya zame daga jikinsa ya faɗi. "Wannan an yi masa rufi na musamman. Ba ya ƙarcewa, ba ya dusashewa. Ko shekara kika yi kina goga, yadda kika gan shi haka zai zauna."

Da ya faɗi kuɗinsa sai da ta nemi wurin zama. Duk da haka ta ce ya kwance mata murfin gefe. Ta fita da shi bakin titi, ta tare rana da shi, ta auna bangon shagon da ke fuskantarsu. Babu abin da ya bayyana a bangon sai ɗan fari-fari kamar hazo. Ta dawo ta miƙa masa.

"Ga tsada ga rowa. Rana ta shiga, ya riƙe abarsa."

Injiniya ya cire sukundireba daga kunne ya sosa ƙeya da shi. "Mama, kwamfuta za ki haɗa ko madubi?"

"Wancan fa, na can sama, da kwalinsa ya yi ƙura?"

"Wannan? Ai kunya ta hana ni nuna miki. Shi ne mafi araha a shagon nan, kuma babu mai so." Ya hau kujera ya sauko da shi da hannu ɗaya. "Dubi, falle ne kamar murfin tukunya. Ba rufi, ba fenti. Kin taɓa shi, shatin yatsa ya zauna. Bakinsa na yanka hannu. In fanka ta tashi sai ya kama kuka kamar ƙudan zuma. Ciki kuma matsattse, sai ƙananan kaya. Wallahi tukunya ce aka miƙe aka yi mata kusurwa."

"Tukunya," in ji Yaya.

Ta lashi babban yatsa, ta naɗe shi da bakin mayafi, ta murza jikin murfin da ƙarfi. Mayafin ya yi baƙi, wurin da ta murza kuma ya fito fes, yana ɗaukar ido. Ta san wannan baƙin. Tun tana 'yar yarinya take ganinsa a hannunta, a gindin murhu.

"Shi za ka haɗa min."

"Mama, ki ƙara kaɗan ki ɗauki na ƙarfen nan, ya fi shi—"

"Ɗana, kukan za ka iya kashe shi?"

"In na sa roba a gindin kusoshi da na fanka, zai ragu sosai."

"Bakin fa?"

"In goge shi da zarto."

"Jan wuta?"

"Zan sa miki wayar ƙasa, ko a cikin ruwa kika tsaya ba zai ja ki ba. Amma kada ki tsaya."

"To wane gefe ne ba shi da ramukan iska?"

"Na dama."

"Kwance min na daman in tafi da shi gida. Ka haɗa sauran, zan kawo maka."

Tana bakin ƙofa ya ɗaga murya. "Abu ɗaya, Mama! Kada ki ajiye shi inda rana ke bugu. Kwamfuta ba ta son zafi."

"Na ji," ta ce, ba ta waiwayo ba.

A tsakar gida ta shimfiɗa buhu, ta ɗora murfin, ta yi masa abin da take yi wa tukwanenta in za a yi baƙi. Toka mai laushi da lemun tsami da farko, da soson da ya riga ya mutu don kada ya yi zane. Ta ɗauraye, ta shanya, ta koma da man goge ƙarfe da tsohuwar jarida, tana murzawa a zagaye har kafaɗarta ta yi tsami. Kowace murza da fuskar da take gani: mai tsohon ƙarfe, dattijo mai hula, bakin Auta da ya turo. Maigida ya dogara sanda ya leƙo, ya ga kansa a ciki.

"Kai! Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya min? Uwar yara, wannan ƙyalli duk na buga takarda ne?"

"Na cire tsatsa ne."

"Ni dai ina jiye wa wani."

Ranar da ta fara aiki a shagon tela, ta ɗora akwatin a kan tebur, ba a ƙasa ba kamar yadda kowa ke yi, gefen daman yana kallon titi. Da rana ta karkato ta shigo, hasken ya faɗi a tsakiyar kwalta, ya kwanta a nan kamar farin zane. Wani mai keke ya kauce masa.

"Ya gaza," in ji tela.

"Bai gaza ba, sunkuye yake. Ba ni ƙyallayen nan na ƙasan keken ɗinkinka."

Ta ninke ƙyalle ta cusa a gindin akwatin ta wajen titi. Hasken ya ja jiki ya kai bakin lambatu. Ta ƙara wani. Ya haye dakali, ya ratsa gilashi, ya hau ƙafar tebur. Tela ya tsayar da keke, allura a cikin yadi. Ta ƙara ɗan siriri. Hasken ya kwanta a kan fuskar Manaja gaba ɗaya, har biron aljihunsa ya yi walƙiya.

Ya zabura, kujerar ta juya da shi. Ya kare ido da hannu yana neman inda abin ya fito. Da ya gano, Yaya ta ɗaga masa hannu, irin gaisuwar maƙwabta.

Abin da ya biyo baya duk layin ya shaida. Da farko ya matsar da kujera hagu, ta bi shi da yatsa ɗaya. Ya matsa dama, ta bi shi. Ya sayo labule mai kauri ya rufe gilashin, sai masu zuwa daga ofisoshi da yamma suka riƙa ganin shago a rufe, su tsallako wurinta. Ya yaye labulen. Ya manna jaridu, aka fara tambayarsa ko tashi zai yi. Ya ɓamɓare. Ya ja teburinsa can ciki, kusa da kusurwar da ke yoyo, ya kwana biyu a nan, amma mutumin da ya fasa bango don a gan shi ba zai iya zaman lungu ba. Ya dawo tsakiyar gilashi da baƙin tabarau.

Ita ma ta biya nata. Wata yamma tana tsakiyar aikin wani malamin makaranta, fanka ta yi ta gurnani, allon ya ɗauke. Injiniya ya zo, ya taɓa saman akwatin ya janye hannu.

"Mama, me na ce miki a bakin ƙofa?"

"Ka ce ba ta son zafi."

"To ko ki matsar da ita inuwa, ko ki kashe ta in rana ta shigo. In ba haka ba kayan cikin za su dahu." Ya bi hasken da ido har tsallake, ya ga mai baƙin tabarau. Ya ce, "Ashe madubin ne dai."

Ta zaɓi kashewa. Daga ranar, da rana ta taɓa bakin teburinta sai ta kashe kwamfuta, ta ce wa masu jira su zauna a benci injin yana hutawa. Wasu su yi tsaki su tafi da aikinsu, kuma lokacin ne aiki ya fi zuwa. Maigida ya ce, "Kina korar abinci da hannunki saboda ki kashe wa ƙanenki ido."

"Ba idonsa nake so ba. Ƙafarsa nake so, ta tako titin nan. Da bakinsa."

Ƙafar ba ta zo da wuri ba, sai 'yan aike. Sabuwar yarinyar ce ta fara zuwa, ta durƙusa har ƙasa. "Mama, Manaja ya ce don Allah—"

"Wa?"

"Manaja."

"Ban san shi ba, 'yata. A wane layi yake?" Ta dubi yarinyar, ta ga idonta ya yi ja. "Hasken yana taɓa allonki?"

"Wani lokaci, Mama."

"Ki ja teburinki wajen injin fotokwafi, ba zan kai can ba. Ke ba ki yi min komai ba. Kuma ki daina lanƙwasa wuyan hannu in kina bugu, za ki ji a jikinki nan gaba."

Bayan ita sai shugaban 'yan layin, da babbar riga da gyaran murya. Ya zagaya akwatin, ya duba gaba ya duba baya, ya gyara hularsa a jikin murfin. Ya ce shi dai a iya saninsa babu dokar da ta hana mutum goge kayansa, kuma rana ba ta cikin abin da ƙungiya ke rabawa. Kafin ya tafi ya bar mata takardar taro ta buga masa.

Sau ɗaya ta kusa sakewa. Wata yamma Auta ya cire tabarau, ya dunƙule hannu biyu yana murza idanu da bayansu. Haka yake yi yana ƙarami, shekarar da ciwon ido ya kama shi, ta rufe tagogin ɗaki da zannuwanta, ta zauna da shi a cikin duhu tana ba shi labari don kada ya yi kuka. Hannunta ya tafi kan akwatin da kansa. Turawa kaɗan, hasken zai faɗi a kwalta, shi ke nan.

Sai ga muryar nan daga ƙarshen layi, tana jan kira: "Tsohon ƙarfe! A fito da tsohon ƙarfe!" Amalanken ya wuce ta gabanta yana ƙara. Mai shi ya gan ta, ya washe baki, ya ɗaga mata hannu kamar tsohuwar abokiyar wasa.

Ta janye hannunta. Ta ciro tsumma daga jaka, ta huci murfin, ta goge ɗan shatin yatsan da ta bari.

Yau, bayan masu hirar benci sun waiwaya sun ga abin da ke bayansu, baƙon cikinsu ya buɗe baki zai yi magana, ɗayan ya taɓa shi. "Yi shiru. Ga shi nan ya taso."

Auta ya fito daga shagonsa. Ya tsaya a bakin lambatu kamar mai shirin shiga kogi, ya bar wata mota ta wuce, ya bar babur ya wuce, har da wanda bai kai kusa ba. Sannan ya tako. Keken tela ya tsaya. Wani mai gyaran takalmi da ke gefe ya ajiye guduma. Auta ya zo ya tsaya a gaban teburin, hasken duk ya taru a cikin farar rigarsa.

Yaya ta jawo kibod ta kama bugu. Kwamfutar a kashe take, kowa ya sani, amma ruwan saman nan ya sauka a kan kwano kamar da.

"Ki juya abin nan," ya ce.

Bugu ya ci gaba.

"Magana nake yi."

"Tela, da kai ake. Ko ɗinki aka kawo?"

"A'a, Yaya, ni ban ga yadi ba."

Auta ya cire tabarau. Idanun sun yi ja, sun ƙanƙance, gumi na bin gefen kunnensa. Ya dubi benci, ya dubi mai takalmi, ya dubi akwatin, ya ga fuskarsa a ciki, ta ɗan karkace saboda murfin falle ne. Ya sunkuyo, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Yaya. Don Allah."

Yatsunta suka tsaya. Ta ji kalmar ta shiga, ta gangara har inda hawayen nan ya zauna, ta taɓa shi. Ta ɗora tafin hannu a kan akwatin, da ɗuminsa kamar goshin mai zazzaɓi. Can ƙarshen layi kiran ya sake tasowa, amalanke na tafe yana ƙara.

"Auta," ta ce, da muryar da duk benci ya ji, "ka san kunnen nan ya yi tsatsa, ba ya jin raɗa. Waccan maganar da ƙarfi ka yi ta, shago cike. Dakata mai amalanken can ya ƙaraso, shi ma yana wurin. In ya zo, ka juya ka fuskanci mutane, ka ɗaga murya, ka sake faɗa min abin da ka kira ni yanzu."